Yadda Ake Cire Manhajar Saƙo Daga Waya Ba Tare da An Bar Sirri a Baya Ba

Mafi yawan masu waya a unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango na birnin Accra, idan suka so rabuwa da WhatsApp ko Telegram ko imo, abin da suke yi shi ne su danne alamar manhajar da yatsa, su zaɓi Uninstall, su ɗauka magana ta ƙare. Alamar takan ɓace daga fuskar waya, amma asusun yana nan da ransa a wurin kamfanin, hoton mutum yana ci gaba da bayyana ga duk mai lambarsa, sunansa yana cikin kowane zaure da aka taɓa saka shi, hotuna da saƙonnin murya kuma suna warwatse a wurare huɗu ko biyar da bai taɓa leƙawa ba. Lamarin ya yi kama da ɗan haya da ya ja ƙofar ɗaki ya yi tafiyarsa, alhali kayansa suna ciki, sunansa yana kan takardar mai gida, makulli ɗaya kuma yana hannun maƙwabci.

Saboda haka aikin yana da jeri, kuma jerin ne ya fi komai muhimmanci: a fara adana abin da ake buƙata, a katse na'urorin da aka haɗa, a rufe asusun, sannan a cire manhajar, daga ƙarshe a bi sawun abin da ya rage. Wanda ya fara da cire manhajar ya yanke wa kansa hanyar yin ukun farko. Zan fi tsayawa a kan WhatsApp domin ita ce a hannun kowa, kuma zan ambaci sunayen wuraren da ake dannawa da Turanci kamar yadda suke fitowa a wayoyin da ake sayarwa a Accra.

Kafin a taɓa komai

Tambaya ta farko ita ce me ya sa ake son cire manhajar, domin amsar ce take nuna iyakar aikin. Wanda zai canza lamba kawai, misali ya bar layin AT ya koma MTN ko Telecel, ba ya buƙatar rufe asusu. A cikin Settings, ƙarƙashin Account, akwai Change number, wanda yake kwashe asusun da zaurukansa zuwa sabuwar lamba ya kuma rufe tsohuwar. Wanda zai canza waya amma lambarsa tana nan, shi ma kada ya rufe asusu, abin da yake gabansa shi ne tsabtace tsohuwar wayar. Rufe asusu na wanda ya yanke shawarar barin manhajar ne gaba ɗaya, ko wanda zai jefar da layin ba tare da ya ɗauki wani ba, kuma ba a dawowa daga gare shi.

Sai a zauna a tace hirarrakin da suke da amfani. A zangonninmu WhatsApp ta zama littafin bashi da rasit: hoton shaidar tura kuɗi ta MoMo (asusun kuɗi na layin waya), lissafin adashe, alkawarin da dillalin fili ya yi da muryarsa, takardar makarantar yaro, cinikin kayan da aka yi da ɗan'uwa a Kumasi ko Lome. Duk hirar da wata rana za a iya cewa "kawo shaida", a fitar da ita. A wayar Android ana buɗe hirar, a danna ɗigo ukun da suke sama, a shiga More, a zaɓi Export chat; a iPhone kuwa ana danna sunan mutumin a sama, a gangara ƙasa a same shi. Manhajar za ta tambaya ko a haɗa da hotuna da bidiyo. Idan rubutu kaɗai ne tana iya fitar da saƙonni har 40,000 na baya-bayan nan, idan da hotuna ne kuwa adadin yana sauka zuwa 10,000. Abin da yake fitowa fayil ne na karantawa, ba a iya mayar da shi cikin WhatsApp ya koma hira, amma yana ɗauke da rana da lokacin kowane saƙo, wanda shi ne abin da ake nema a wurin sasanci. A tura shi zuwa imel ɗin da mutum shi kaɗai yake da makullinsa.

Mai son sanin abin da kamfanin ya riƙe game da shi yana iya neman rahoto ta Request account info, amma rahoton yakan ɗauki kimanin kwana 3 kafin ya fito, kuma rufe asusu yana soke buƙatar, don haka sai a jira shi tukuna.

Akwai kuma haƙƙin jama'a. Idan mutum shi kaɗai ne shugaban wani zaure, na masallaci ne ko na zuri'a ko na 'yan kasuwa, to da zarar ya fita manhajar za ta ɗora wani daga cikin membobi ba tare da shawarar kowa ba, kuma yana iya zama yaron da aka saka jiya. Ya kamata a naɗa wanda ya dace tun kafin a tafi, a kuma sanar da iyaye da abokan hulɗa cewa daga rana kaza duk saƙon da ya zo da wannan lamba ba daga gare ka ba ne. Wannan sanarwa tana toshe ƙofar da masu damfara suka fi shiga ta cikinta, wato su riƙe tsohuwar lambar mutum su riƙa roƙon kuɗi da sunansa.

Na'urorin da aka manta da su

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi sauran haɗari. WhatsApp tana yarda a haɗa asusu ɗaya da wasu na'urori har 4 ban da wayar kanta. Ka ɗauki shagon buga takardu a bakin titin Nima: mutum ya je a buga masa kwafin Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da fasfo domin neman aiki ko shirin aikin Hajji, data ɗinsa ta yi ƙasa ko layi ya yi tsawo, sai yaron shago ya juyo masa da kwamfuta ya ce, "Alhaji, ɗora wayar a nan." Ya ɗora, hirarrakinsa duka suka bayyana a allon, aka buga takardar, ya biya ya fita. Idan babu wanda ya danna fita, wannan kwamfuta tana ci gaba da karɓar saƙonninsa ko da wayarsa a kashe take, kuma ba ta katsewa da kanta sai wayar ta yi kwana 14 ba a yi amfani da manhajar a cikinta ba, ko kuma kwamfutar ta yi kwana 30 ba a buɗe asusun a cikinta ba.

A shiga Linked devices, a duba jerin, a danna kowace na'ura a zaɓi Log out, har da waɗanda aka sani. A Telegram wurin yana cikin Settings ƙarƙashin Devices, inda ake samun Terminate all other sessions. Rufe asusu zai katse su duka, gaskiya ne, amma duba jerin yana tuna wa mutum kwamfutocin da takardunsa suka sauka a cikinsu. Fayil ɗin da aka sauke a kwamfutar shago ko ta ofis yana zaune a jakar Downloads, babu abin da za a danna a waya ya goge shi. Sai an je da ƙafa, a tsaya a kan mai shagon ya goge, ya kuma zubar da kwandon sharar kwamfutar a gaban idonka. Dokar kare bayanan jama'a ta Ghana ta shekarar 2012, wadda ake kira Act 843, ta ba mutum damar neman a goge bayanansa da wani mai sana'a yake riƙe da su ba tare da sauran dalili ba, don haka wannan buƙata ba roƙon alfarma ba ce.

Rufe asusun

Idan akwai saƙon da aka tura kwanan nan da ake son janyewa, yanzu ne lokacinsa, domin Delete for everyone yana aiki ne a cikin kimanin kwana 2 bayan turawa. Abin da ya wuce wannan wa'adi ya zama na wanda aka tura wa, kuma rufe asusu ba ya taɓa wayar kowa.

Da intanet a kunne, a shiga Settings, sai Account, sai Delete account. Za a nemi lambar waya tare da lambar ƙasa, wato +233, a kuma jefar da sifilin farko. Da an tabbatar, manhajar tana fitar da mutum daga dukkan zauruka, tana goge tarihin hirarsa a wayar, tana kuma goge kwafin ajiyar da yake Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet. Kamfanin ya bayyana cewa share bayanan daga nasa rumbun yana iya ɗaukar har kwana 90, ko da yake ba a iya ganinsu a cikin wannan lokaci. Wanda ya cire manhajar kawai ya bar asusun, sai ya yi kimanin kwana 120 ba a taɓa shi ba kafin kamfanin ya rufe shi da kansa, kuma wata huɗu lokaci ne mai tsawo ga lambar da ƙila ta riga ta fita daga hannunka.

Telegram tana da bambanci da ya kamata a fahimta. Hirarrakinta na yau da kullum ba a wayar suke zaune ba, suna kan manyan kwamfutocin kamfanin, shi ya sa duk wanda ya iya shiga asusun daga wata na'ura yake ganin komai tun daga ranar farko. Kafin rufewa a shiga Privacy and Security a danna Delete synced contacts, domin lambobin mutanenka da manhajar ta kwafa su fita. Ana rufe asusun ta shafin my.telegram.org, kuma lambar tabbatarwa tana zuwa ne cikin manhajar Telegram ɗin kanta, ba ta saƙon layi ba; wanda ya riga ya cire ta sai ya sake sauke ta. Akwai kuma wa'adin da asusu yake rufe kansa idan an daɗe ba a shiga ba, wanda mai asusun ne yake zaɓarsa a wannan sashe, sai dai jiran watanni ba dabara ba ce ga mai gaggawa.

Signal tana da Delete account a cikin sashen Account. Messenger kuwa a ɗaure take da asusun Facebook, cire ta daga waya ba ya rage komai daga hirarrakin da suke can.

Cire manhajar da bin sawu

Yanzu ne ake cire manhajar. A Android, wasu wayoyin sukan nuna ɗan akwati da yake tambaya ko a riƙe bayanan manhajar. A tabbata ba a sa masa alama ba. A iPhone a zaɓi Delete App, domin Offload App yana cire manhajar ne ya bar duk bayananta suna jiran ranar da za a dawo da ita, Remove from Home Screen kuwa ɓoye alamar kawai yake yi.

Daga nan sai a buɗe manhajar duba fayiloli, wato File Manager ko My Files ko Files, gwargwadon wayar. A tsofaffin wayoyi akwai jaka mai suna WhatsApp a farkon ma'ajiyar waya. Daga Android 11 zuwa sama an mayar da ita cikin Android, sai media, sai com.whatsapp, ta WhatsApp Business kuma sunanta com.whatsapp.w4b. Wayar da ta daɗe a hannu aka yi ta sabunta ta tana iya samun duka biyun. A ciki akwai Databases, inda manhajar take ajiye kwafin hira kowane dare da misalin ƙarfe 2, cikin fayiloli masu farawa da msgstore. Akwai kuma Media, wadda ita ce ainihin taskar: WhatsApp Images, WhatsApp Video, WhatsApp Documents, da WhatsApp Voice Notes. A cikin wasu daga cikinsu akwai ƙaramar jaka mai suna Sent, wadda take riƙe da abin da kai ka tura, kuma ba ta fitowa a wurin kallon hotuna, shi ya sa mutum zai rantse ya goge hoton katinsa alhali yana kwance a can. Saƙonnin murya ma haka suke, an jera su cikin jakunkuna masu lambar shekara da mako, kowane fayil yana farawa da PTT, kuma duk wanda ya samu wayar yana iya sauraronsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da WhatsApp ba. A kunna zaɓin nuna ɓoyayyun fayiloli, za a ga wata jaka mai suna .Statuses da ɗigo a gabanta. A goge babbar jakar gaba ɗaya da duk abin da yake cikinta.

Hotunan da aka kwafa zuwa wani wuri ba za su tafi da wannan sharar ba, amma suna da alamar da take tona su. Sunan kowane hoton da ya zo ta WhatsApp a Android yana da siffa ɗaya: IMG, sai kwanan wata, sai WA da lambobi huɗu. Idan aka rubuta WA0 a wurin bincike na manhajar fayiloli, za su fito daga duk inda suka ɓuya, har da waɗanda aka tura ta Xender ko Bluetooth zuwa wata jaka. Telegram tana barin nata a jaka mai sunanta, sau da yawa a cikin Pictures da Download. A duba jakar Screenshots ma, domin a nan hotunan hira da na shaidar biyan kuɗi suke taruwa.

Masu Tecno da Infinix da Samsung su tuna da manhaja ta biyu. App Twin a Tecno, XClone a Infinix, da Dual Messenger a Samsung suna ba da damar buɗe WhatsApp biyu a waya ɗaya, kuma ta biyun tana da asusunta da ma'ajiyarta daban. Ita ma sai an bi ta da dukkan matakan da suka gabata. Game da irin su GB WhatsApp da matasa suke sakawa don ɓoye alamar karanta saƙo, ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, babu mai iya ba da tabbacin inda suka kai bayanan da suka bi ta cikinsu. A goge jakarsu, a kuma canza kalmar sirrin imel da duk wata lambar sirri da aka taɓa rubutawa a cikin hira.

Gogewa ba ta cika sai an zubar da kwandon shara. Wurin hotuna na Samsung da Recently Deleted na iPhone suna riƙe abin da aka goge har kwana 30, haka ma manhajar Files ta Google. Google Photos tana da nata kwandon, kuma idan an taɓa kunna mata ajiyar jakar WhatsApp Images, to kwafin hotunan yana intanet, zai kuma sauko cikin kowace sabuwar waya da aka shiga da wannan imel. A buɗe Google Drive, a shiga Backups, a tabbatar babu sauran kwafin WhatsApp, musamman na tsohuwar lamba da aka daina amfani da ita. Mai iPhone ya shiga Settings, ya danna sunansa, ya shiga iCloud, ya nemi wurin sarrafa ma'ajiya ya goge bayanan WhatsApp, ya kuma duba tsofaffin kwafin ajiyar wayar gaba ɗaya, domin su ma suna iya ɗauke da hirar.

Idan wayar za ta bar hannunka

Duk wanda ya taɓa zuwa Circle, wato Kwame Nkrumah Circle a Accra, musayar waya ya san yadda cinikin yake gudana a Tip Toe Lane: ana tsaye, ana cunkoso, mai saye yana juya wayar yana duba allo da batir, ya ce kada ka damu zai yi mata fomatin da kansa. Kada a bar wa kowa wannan aiki, ko da amintacce ne, domin wayar tana iya wucewa hannu uku kafin magariba. A yi shi a gida tun ana gobe ciniki. A fara cire asusun Google daga sashen Accounts, ko a fita daga iCloud a kashe Find My a iPhone. Idan ba a yi haka ba wayar tana iya kullewa bayan an share ta, ta nemi kalmar sirrinka, sai mai saye ya kira ka yana neman ka faɗa masa ita ta waya, wanda kuwa bai kamata a yi ba ko kusa. Bayan haka a shiga Settings a nemi Factory data reset ko Erase all data, a iPhone kuma Erase All Content and Settings. Wayoyin zamani suna rufe abin da yake cikinsu da makullin sirri, sharewar kuma tana lalata makullin, don haka abin da ya rage ba ya karantuwa. Tsohuwar waya ƙwarai ba lallai ta samu wannan kariya ba; ita gara bayan an share ta a cika ta da bidiyo marar amfani, a sake share ta.

Katin memori ba ya cikin wannan lissafi. Sharewar ba ta taɓa shi sai an zaɓa, kuma ko an yi masa fomatin ana iya dawo da hotuna daga cikinsa da manhajojin da suke a kowace kwamfutar masu gyara. A zare shi a riƙe. Haka ya kamata a yi ko gyaran allo kawai za a kai wayar.

Sai layin kansa. Tun rajistar da aka fara a watan Oktoba na 2021, kowane layi a Ghana yana ɗaure da Ghana Card na wanda ya yi masa rajista, saboda haka bayar da layi ga wani daidai yake da ba shi damar yin hulɗa da sunanka. Layin da aka yi watsi da shi kuma kamfanonin sadarwa sukan sake sayar da lambarsa bayan wani lokaci. Kafin a rabu da shi a kwashe abin da yake cikin MoMo, a cire lambar daga banki da imel da Facebook, domin ta nan lambobin tabbatarwa suke zuwa. WhatsApp tana share tsoffin bayanan asusu idan ya yi kwana 45 ba a yi amfani da shi ba sannan aka kunna lambar a wata waya, amma wannan kariya ce ta ƙarshe, ba ta kai rufe asusu da hannunka ba.

Bayan kwana ɗaya ko biyu, a roƙi wani na gida ya nemi lambar a tasa wayar. Idan aikin ya yi, hoton ya ɓace, manhajar kuma za ta nuna masa zaɓin gayyatar mai lambar maimakon fara sabuwar hira. Idan kuwa daga baya aka ga wani yana amfani da lambar da sunanka, ko yana barazanar yaɗa hotunan da ya samu daga tsohuwar waya, a adana shaidar, kada a biya shi ko sisi, a kira ko a tura saƙo zuwa 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana. Dokar tsaron intanet ta 2020, wato Act 1038, ta sanya yaɗa hotunan tsiraicin mutum ba da yardarsa ba da kuma yi masa barazana da su cikin laifukan da ake hukunta mutum a kansu.